Gwaggo Ta Ƙi Rufe Baki

A tsakar gidanmu, jikin katangar da ta raba mu da gidan mai burodi, akwai wata tsohuwar mota da 'ya'yana suke kira Gwaggo. Sun sa mata sunan ne don ta zo kamar baƙuwar kwana biyu, ta share wuri ta zauna shekaru. Koriya ce, mai faɗin ƙugu, fitilunta zagayayyu kamar idon wanda aka ba labarin da bai zata ba. Inji kam ba ta da shi. In ka ɗaga bonet ɗinta ba abin da za ka gani sai rami, da ƙasa, wani lokacin da kyanwa.

Duk gidan ba wanda ya kai ni morar motar nan. Kujerar bayanta ta fi katifata laushi, kuma tagar kicin ɗin matar mai burodi tana saitinta daidai. Da hantsi nakan ce ciwon ƙafata ya motsa, in shiga in kishingiɗa, in ɗan sauke gilashi don iska. In iskar ta taho da magana ai ba laifina ba ne. A nan na ji 'yar mai burodi ta ajiye karatun lauya ta koma gyaran gashi, tun ubanta bai sani ba.

'Ya'yana maza biyu ne. Babbansu likitan haƙori ne, kowa Likita yake ce masa, har ni, kuma a gidansa nake zaune. Auta tela ne, shagonsa na can bakin titi. Gyaran mota ba sana'ar kowa ba ce a cikinsu. Wata cuta ce irin ta maza, wadda mutum zai wuni yana aikin da ake biyansa, ranar hutunsa kuma ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe baƙin mai na ɗiga masa a ido, ya ce hutawa yake. Tare suka jawo Gwaggo da igiya, tare suka cire mataccen injinta. Tare kuma suka samo wani inji na motar zamani da aka daka ta baya, gabanta lafiya lau, suka ce za su dasa mata shi. Wai tsohuwa za ta yi gudun budurwa. Na ce in sun gama da ita su zo su duba ni.

Injin suka kai bayan shagon Auta don can akwai rufi. Gangar jikin ta zauna a nan.

To, halinsu ne ya haɗa su. Likita mutum ne da ba ya cire haƙori sai ya ga ba yadda zai yi. Ko noti ya kwance daga jikin Gwaggo sai ya wanke shi, ya sa a leda, ya ce na asali ne. Auta kuwa da almakashi ya tashi. Shi a wurinsa abin da bai zauna daidai ba a rage shi. Wata Asabar aka kira Likita asibiti, kafin ya dawo Auta ya huda gaban motar, kusa da sitiyari, ya yi rami zagayayye inda zai sa agogon da ke nuna zafin inji. Likita ya dawo ya gani. A gaban abokansu da suka zo kallo ya ce, "Kai dai tun kana yaro hannunka bai san komai ba sai ɓarna."

Auta ya ajiye sifana, ya wanke hannu a famfo, ya fita. Daga ranar in ya zo gaishe ni sai ya daidaici lokacin da yayansa ke wurin aiki. In suka yi kiciɓis a ƙofa, gaisuwarsu irin ta maƙwabtan da suka taɓa shari'a ce. Na yi faɗa, na yi nasiha, na ce wa Likita shi da ya fi kowa sanin tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Kowa ya ce, "To, Inna," ya ci gaba da abinsa. Ramin nan kuwa na mayar da shi wurin ajiye alawata.

Ana nan sai surukata, matar Likita, ta ce tana son wurin. Malamar makaranta ce, za ta gina ɗan ɗaki ta riƙa koyar da yara da yamma. Ban ga laifinta ba, ko da yake na nema. Muna shan shayi ta ce, "Baban yara, ƙarshen wata magina za su zo. Ko Gwaggo ta fita da ƙafarta, ko mai sayen tsofaffin ƙarafa ya fitar da ita."

Likita ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari. Ya ce, "A kira shi."

Mutumin ya zo kuwa, ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, yana kallonta yadda mahauci ke kallon saniya. Na leƙo ta taga na ce, "Ɗan nan, da mutum a ciki." Ya yi tsalle baya. Ya ce zai dawo da babbar mota ranar da magina za su fara.

Ranar ban ji ko kalma ɗaya daga kicin ɗin matar mai burodi ba, alhali faɗa suke yi mai daɗi. Tunani nake. Motar nan ita kaɗai ta rage da sunan su biyun a kanta. In aka yanka ta aka auna a sikeli, shi ke nan, Auta ba shi da sauran abin da zai haɗa shi da yayansa a gidan nan in ba gawata ba. Nasiha ta ƙi ci. Na ce bari in gwada abin da na iya.

Shekarun da na yi ina jin hirarsu ban tashi a banza ba, na tsinci kalmomi. Wadda ta fi yi mini daɗi a baki ita ce kafireto. Ko me ya sami tsohon injin Gwaggo a da, sai in ji sun ce kafireto ne. Na ɗauki mayafina na tafi shagon Auta.

Na same shi da tef a wuya, bakinsa cike da allurai. A ɗakin baya, tsakanin bandir-bandir na yadi, ga injin nan a lulluɓe da wani farin ƙyalle mai tsada. Na ɗaga gefe. Ko ƙura babu, sai sheƙi yake.

"Za a sayar da Gwaggo," na ce.

Ya cire alluran ɗaya bayan ɗaya. "Na ji. Motarsa ce."

"Ai shi ma ya ce gara haka. Ni dai ba na son kai magana."

"To kar ki kai, Inna."

"Ya ce wannan abin da kake lulluɓewa kamar jariri, ko an sa shi ba zai tashi ba. Wai kafiretonsa ya mutu tuntuni, kai ne ba ka sani ba."

Auta ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi injin, ya sake dubana. "Kafireto ya ce?"

"Da bakinsa."

"Na wannan injin?"

"Akwai wani ne?"

Ya juya mini baya, kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina, ta kama. Da ya juyo idonsa har ya yi ja. Ya daki tebur, almakashi ya yi sama. "Ki gaya masa ranar Asabar ina zuwa da shi. Zai ji ƙararsa da kunnensa, daga nan ya sayar wa wanda ya ga dama!"

Da yamma na tare Likita yana wanke hannu, wankin nan nasa da ba ya ƙarewa.

"Na je wurin ƙaninka. Kai, yaran zamani ba kunya."

"Me ya yi?"

"Ba komai. Cewa ya yi dama ya san za ka sayar. Wai ko kyauta ya kawo maka injin nan, ba ka iya ɗaura kafiretonsa ba. Wai ka tsaya kan haƙora."

Ya rufe famfo a hankali. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ya kama tari, har na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Haka ya ce? To ya kawo. A bar masa ƙofa a buɗe."

Ranar Asabar da hantsi sai ga Auta a bayan motar ɗaukar kaya, ya rungume injin kamar za a ƙwace. Suka kafa wasu ƙarafa masu ƙafa uku, da sarƙa da ƙugiya, suka rataye shi sama da ramin Gwaggo. Ba wanda ya gaida wani. Aka sa mini kujera a tsakiya.

"Inna, ki ce masa ya sassauta sarƙa."

"Wai ka sassauta sarƙa."

"Inna, ki ce masa in na sassauta zai daki lagireto."

"Wai zai daki... kai, ai ya ji ka, gabanka yake!"

Ashe sa injin wata mota a jikin wata ba kamar zuba ruwa a tulu ba ne. Kujerun da injin zai zauna a kansu ba su dace ba, nasa na nan, na motar na can. Auta ya ɗauko kwali ya auna, ya yanka yadda yake fitar da wuyan riga, aka kai wa mai walda ya ƙera irinsu da ƙarfe. Akwai wani noti a bayan inji da ido ba ya kaiwa. Likita ya shiga ɗaki ya fito da ɗan madubin nan mai dogon hannu da yake leƙa bakin mutane da shi, ya riƙe, Auta ya ɗaure. Kawunansu har suna gogar juna, amma in ɗaya zai ce "dama kaɗan" sai ya ce, "Inna."

Asabar ba ta isa ba, suka ƙara da yammacin kowace rana. Giya ta ƙi haɗuwa da inji sai da aka sa wani faifan ƙarfe a tsakani. Wayoyi kuwa tuli guda, ja da kore da rawaya, da wani ɗan akwati da suka ce shi ne ƙwaƙwalwar injin. Likita ya bi su ɗaya-ɗaya da haƙurinsa na mai cikon haƙori. Surukata ta daina maganar magina, ta koma kawo ruwan sanyi. Ni kuma ina ta baza ido in ga ranar da za a ɗaura kafireton, ban gani ba, na ce wataƙila na yi gyangyaɗi.

Ana jibi magina za su zo aka gama. Likita ya goge hannu, ya kama bonet, ya sauke shi a hankali.

Ya ƙi rufuwa.

Ya ɗaga, ya sake saukewa. Ƙwas. Kan injin ya fi ramin tsawo, ba da yawa ba, kamar faɗin yatsu biyu. Gwaggo ta tsaya baki a sake kamar mai shirin yin magana.

Auta ya leƙa ta gefe. Wannan karon bai ce Inna ba. "Ba inda za a ƙara sauke shi, ƙasansa zai daki hanya. Sai dai a yanka bonet."

"Ba za a yanka ba."

"To a fita da ita ba bonet."

"Ba zan fitar da ita tsirara ba. Na asali ne. Babu irinsa."

"To a cire injin."

"A cire."

Auta ya fara tattara sifanunsa yana jefawa a jaka. Likita ya shige ɗaki. Auta ya fita neman motar da za ta mayar masa da kayansa. Na buɗe ƙofar baya na shiga na kwanta, na ja mayafi na rufe fuska. Na ce yau ce ta ƙarshe, bari in yi sallama da kujerata.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai na ji takun mutum, sannan na wani. Motar ta ɗan girgiza, an jingina da ita ta gaba. Bonet ɗin da aka ɗaga ya kare ni.

Muryar Auta na fara ji. "Ban samu motar ba. Sai gobe."

"To."

Sai Auta ya ce, "Yaya, in tambaye ka. Kai ka ce kafireton injina ya mutu?"

"Ni? Injin da muka saya tare? Yaushe ya taɓa yin kafireto? Kafireto ai na tsofaffin motoci ne, wannan da ƙwaƙwalwa yake shan mai." Likita ya ɗan tsaya. "Kai ma kafireto Inna ta ce maka?"

"Kafireto. Wai da bakinka."

"Ni ta ce kai ka ce ban iya ɗaura shi ba."

Wallahi dariyar da suka fashe da ita sai da Gwaggo ta yi rawa a kan tayoyinta. Auta yana dukan ƙarfe yana cewa, "Na juya mata baya, Yaya, na ciji leɓe har ya fashe!" Likita yana cewa, "Ni tari na kama, tana ta bubbuga mini baya!" Ina kwance ina jin kunnena na zafi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara da shekaru ina sauraren mutane a kujerar nan, ban taɓa jin an yi da ni ba sai ranar, kuma 'ya'yan cikina.

Da dariyar ta lafa Likita ya ce, "To da ka san ƙarya ce, me ya kawo ka?"

"Kai me ya sa ka bar ƙofa a buɗe?"

Na ji an buɗe akwatin kayan aiki, an jawo wani abu mai nauyi.

"Ungo," in ji Likita.

"Injin yankan ƙarfe ne fa, Yaya."

"Na sani. Ni in na riƙe hannuna rawa zai yi. Kai ne ka iya yanka." Ya yi gyaran murya. "Maganar da na faɗa maka ran nan, a gaban mutane. Ba haka ba ne."

"Ai ya wuce."

"Bai wuce ba sai na faɗa. Ramin da ka yi ma daidai yake, na auna shi ya fi a ƙirga. Agogon yana cikin durowata."

A nan ne atishawa ta ci amanata.

Fuskoki biyu suka leƙo ta taga. Na yaye mayafi na yi miƙa, na ce, "Wa ke nan? Barci nake."

"Inna," in ji Auta, "fito ki nuna mana inda za mu ɗaura kafireto."

Na ce, "Ni ban san zancen da kuke yi ba. Tsufa ne, kunne ya yi nauyi."

Washegari suka kwance bonet suka ɗora a kan benci. Auta ya fito da allinsa na ɗinki ya zana, ya goge, ya sake zanawa. Likita yana tsaye ya harɗe hannu a baya don kar ya hana. Da injin yanka ya taɓa ƙarfen, tartsatsi ya tashi, na ga ya runtse ido kamar yadda masu zuwa wurinsa suke yi. Mai walda ya ƙera wani ɗan tudu ya rufe wurin, aka goge, aka shafa fenti. Koren bai zo ɗaya da na asali ba, ya ɗan fi duhu. Likita ya daɗe yana kallo, ya ce, "A bar shi haka."

Aka mayar da bonet. Likita ya sauke shi. Ƙyas, ya rufu.

"Gwaggo dai ta rufe bakinta," in ji Auta. "Saura Inna."

Suka kwashe mini alawata daga ramin suka sa agogo.

Safiyar da magina suka zo, mai sayen ƙarafa ma ya zo da babbar motarsa, ya tsaya a ƙofa. Likita ya miƙa wa Auta makulli, Auta ya ce a'a, yaya ne gaba. Likita ya murɗa. Ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Mai ƙarafa ya fara kwance sarƙarsa yana murmushi. Auta ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari, ya taɓa wata waya da ta saki, ya ce, "Yanzu."

Ƙarar da ta yi sai da kyanwa ta haye katanga. Matar mai burodi ta leƙo ta tagar kicin da ludayi a hannu, ta ga motar, ta ga saitin tagarta da kujerar baya, ta dube ni. Na ga tana lissafi a ranta. Na ɗaga mata hannu.

Na ce wa mai ƙarafa, "Ɗan nan, matsar da akwalarka, za mu wuce."

Yanzu Gwaggo a wata rumfa take kwana kusa da shagon Auta, kuma duk Asabar can Likita yake wuni, wai birkinta bai kai ƙarfin injin ba, sai sun canza. In sun gama wannan na san za su samo wani. An gina ɗakin surukata a inda motar take, matar mai burodi kuma ta sa labule mai kauri.

An ba ni kujerar gaba. In suka fita gwaji da ni ake zuwa, Auta a baya yana leƙo da kai tsakaninmu yana gaya wa yayansa bai iya canza giya ba. Ƙarar salansa ba ta bari in ji abin da mutane ke faɗa a bakin hanya, wannan kam an cuce ni. Amma ido na aiki. Satin da ya wuce na ga mai gyaran agogon unguwarmu yana fitowa daga shagon 'yar mai burodi, gashinsa a gyare, shi da rabin kansa sanƙo ne. Na ce wa Likita ya rage gudu. Ya ce ba zai yiwu ba, Inna, kafireto ne.